Ƙafafun Auta

Laraba, kwana goma sha ɗaya da faɗuwar Auta. Bana shekara arba'in da biyu ke nan da ruftawar babban siton tasha.

Zuwa ga jikar yayana, Mai Ɓeraye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da dabbobinki. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Kunne kuwa kin san injin yankan katako ya cinye shi tun kina rarrafe, don haka kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. In an kara min ita, kamar ana tafasa ruwa nake ji. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, ba a aji na koya ba, a jikin katako na koya da fensirin awo.

Ban sani ba ko labari ya iso miki. Baffanki Auta ya faɗo daga kan rufi. Yana buga kwano a wani sabon gini, ni ina zaune a ƙasa ina nuna masa kuskurensa kamar kullum, sai katakon da ya taka ya karye. Ya faɗo da baya a kan tarin bulo.

Kafin in miƙe mutane sun cika wurin. Wannan ya ce a zaunar da shi, wancan ya ce a kwara masa ruwa, wani har ya buɗe ƙofar tasi za su naɗe shi su cusa a kujerar baya. Na ɗaga sandata na ce duk wanda ya taɓa shi sai na karya masa hannu.

Ga dalilina. Ranar da sito ya rufta muka jawo abokin aikina Dogo daga ƙarƙashin ginshiƙi. Yana motsa ƙafafunsa, har yana tambayar ina hularsa. Mu huɗu muka ɗauke shi kamar buhu, biyu a hannu biyu a ƙafa, bayansa yana lilo a tsakiya. Bai ƙara tsayawa ba. Shekara goma sha tara ya yi a kwance. Ni ne na riƙe ƙafar dama.

Shi ya sa na shiga shagon maƙwabci na kwance masa ƙofa. Ƙusoshin sun yi tsatsa, hannuna kuma ba kamar da ba ne. Muka zura Auta a kanta a miƙe, muka ɗaure shi da tsumma daga goshi har idon sawu, sannan aka samo motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Ni na ce minti ashirin aka yi. Matarsa, Uwar Tagwaye, ta ce rabin awa.

A kan ƙofar nan na ga yana motsa manyan yatsunsa, duka biyun. Da idona na gani. Aka yi masa hoto, washegari aka yi tiyata aka sa masa ƙarfe a ƙashin baya. Rana ta biyu yatsa na ɗan motsi. Rana ta uku shiru. Har yau ƙafafun nan kamar na tebur.

Likitan yana magana da ƙyalle a baki, ni kuwa da ido nake jin magana, sai in ga ƙyalle yana rawa kawai. Uwar Tagwaye ta ce min wai kumburi ne. Ba ta faɗa min baƙar magana ba, yarinyar kirki ce. Amma ta daina kallon fuskata, kuma na ga leɓenta lokacin da take ce wa 'yar'uwarta “rabin awa”.

An ce min shekara shida ke nan kina aiki a kan lakar bayan ɓeraye. Da na yi ta miki dariya. Yanzu tambayarki nake yi. Jinkirin da na jawo ne ya kashe masa ƙafafu? Kada ki zuba min zuma a kai. Ki faɗa min yadda yake.

Ni ne,
Kakanki Kafinta.

*

Litinin.

Kaka angona,

Na amsa gaisuwa, ina kuma miƙo tawa tare da jaje. Allah ya ba Baffa Auta lafiya, ya sa kaffara ne. Wasiƙarka ta same ni a wurin aiki, a tsaye na karanta ta. Na yi ta kiran lambar Baffa ba ta shiga, ina jin wayar ta fashe a wurin faɗuwa, kuma ba ni da ta matarsa.

Ka ce kada in zuba zuma, to ba zan zuba ba. Ni ba likitar mutane ba ce, ban kuma ga hotonsa ba. Amma abin da ka faɗa min na san shi, don kusan kullum ina ganinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ƙofarka ba ta cuce shi ba. Da an naɗe shi a tasi, karyayyen ƙashin zai iya ƙarasa yanke abin da ya rage. Minti ashirin ko talatin a miƙe ya fi minti biyar a lanƙwashe, nesa ba kusa ba. Ka cire wannan daga ranka.

Ga abin da ke faruwa. Laka kamar damin wayoyin lantarki ce a cikin bututun ƙashi, ita ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafa. Faɗuwa tana tsinka wasu nan take. Wannan ɓarna ta farko ce. Ta biyu daga baya take zuwa, kuma daga cikin jiki take fitowa. Wurin yana zubar da jini ya kumbura, bututun kuwa ba ya buɗewa, sai lakar ta matse, jini ya kasa isa gare ta. Sannan sojojin jiki, waɗanda ke kare mu daga cuta, su ji an yi rauni su yo ca a wurin. Na farko suna isowa cikin awanni, manyan kuma sai rana ta uku zuwa ta bakwai. Da niyyar taimako suke zuwa, amma abin da suke fesawa don kashe ƙwayar cuta ba ya tantance baƙo da ɗan gida. Yana ƙone jijiyoyin da faɗuwa ta bari da rai, yana cinye rigar da ke lulluɓe da su. Wasu ƙwayoyin jijiyar ma, in abin ya yi musu yawa, da kansu suke kashe kansu.

Shi ya sa za ka ga mutum yana motsa yatsa ranar farko, rana ta uku ya daina, ko da a bakin ƙofar asibiti ya faɗi. Aikina ke nan, neman yadda za a lallashi sojojin nan su yi shara ba tare da ɓarna ba. Gaskiyar magana, har yau babu asibitin da ke da maganin da zai tsayar da su gaba ɗaya. Jijiyar da ta mutu kuma ba ta dawowa.

*

Lahadi, kwana ashirin da biyu da faɗuwar Auta.

Mai Ɓeraye,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi. Auta yana cin abinci, yana faɗa da nas a kan fanka. Tagwaye sun yi mura sun warke.

Takardarki ta zo ranar Juma'a. Na shimfiɗa ta a kan bencin aikina na buga mata ƙananan ƙusoshi huɗu, kamar yadda nake yi wa zanen aiki don kada iska ta ɗauka, sannan na ɗauko tabarau. Kwana biyu ina bin ta da yatsa. Da na kai inda kika ce ƙofata ba ta cuce shi ba, sai da na fita waje na zauna. Allah ya yi miki albarka.

Maganar sojojin nan na gane ta fiye da yadda kike zato. Ranar sito, faɗuwar farko rabin rufi ce kawai, mutum uku ta danne. Sai jama'a suka kwararo ceto, kowa da zuciya ɗaya, suna fizge duk katakon da hannunsu ya kai. Ashe wasu katakan su ke tokare da sauran rufin. Faɗuwa ta biyu mutum goma sha ɗaya ta ci. Har yau ina iya jero miki su ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa da sunan uwarsa. Ashe a cikin jikin mutum ma haka ake yi.

To tunda kin ce asibiti ba su da magani, kuma abin da ya mutu ya mutu, zaman me yake yi a can? Dogo wata takwas ya yi a gadon ƙarfe na asibiti, babu abin da ya samo sai gyambo a ɗuwawu. Ba zan bari ɗana ya ruɓe a cikin warin magani ba. Asabar mai zuwa zan ɗauko shi, a miƙe, a kan ƙofar da na kai shi. Ya kwanta a ɗakinsa yana jin hayaniyar 'ya'yansa. Na yi magana da mai ɗorin da ya gyara min wuyan hannu, ya ce zai zo ya ja bayan ya daidaita shi. Uwar Tagwaye ban gaya mata ba tukuna, na san halin mata da tsoron likita.

Wani abu kuma. Wane irin karatu kuke yi a can? Kin rubuta wasiƙa kin dire ta kamar an yanke igiya. Ba ki gaida Baffanki ba, ba ki gaida tagwaye ba, ko sunanki ba ki sa ba. Zama da ɓeraye ya fara nuna kansa. In haka za ki riƙa yi, na fasa auren.

Kakanki.

*

Litinin.

Kaka!

Ka juya takardar! Don Allah ka cire ƙusoshin nan ka juya ta! Na gaida kowa, na sa sunana, duk suna baya. Rabin maganar tana baya, kuma ita ce rabin da ta fi muhimmanci.

Yau da safe wasiƙarka ta iso. Asabar ɗin da ka ambata ta wuce da kwana biyu. Na kasa taɓa aikin komai, abokiyar aikina ce ta karɓi ɓerayena.

In ka riga ka kai shi gida, ka ji ni da kyau. Kada mai ɗori ya taɓa shi. Kada a ja, kada a murza, kada a zaunar da shi. Ƙarfen da aka sa masa shi ke riƙe da ƙashin har ya haɗe, ja ɗaya zai iya yin abin da ka hana 'yan tasi su yi. Ka mayar da shi asibiti yau, a miƙe. In fitsari ya tsaya ko zazzaɓi ya zo, ko minti ɗaya kada a jira.

Laifina ne. Takarda ɗaya ce a gabana, na ƙi tashi in ɗauko wata. Kuma na bar mafi munin layi a ƙarshen shafi. In wani abu ya same shi, ban san yadda zan dube ka ba.

Na ba direban motar safe wannan, na roƙe shi ya kai har ƙofar gida. Ka aiko min da lambar Uwar Tagwaye. Ga tawa a nan ƙasa, a gaban takarda, inda za ka gani.

Jikarka.

*

Lahadi, kwana talatin da shida da faɗuwar Auta.

Amaryata Mai Ɓeraye,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ki kwantar da hankalinki, ki koma wurin ɓerayenki. Auta yana asibiti, bai taɓa barinsa ba, mai ɗori kuma bai gan shi ba. Kowa lafiya. Direbanki sai shekaranjiya ya kawo takardar, wai motarsa ce ta lalace a hanya ya manta da ita a aljihun ƙofa. Na ga inda hawaye ya ɓata miki rubutu. Ba laifinki ba ne. Shekara sittin ina karanta zanen aiki da jerin awo, ban taɓa ganin wanda aka yi a bayan takarda ba. Bayan takarda wurin goge fensir ne.

Bari in ba ki labari, tunda dai duk ɗakin marasa lafiya sun riga sun sha dariyarsu.

Asabar ɗin da na ambata, da hantsi na ciro takardarki ta farko daga kan benci na cusa a aljihu, na ɗauki mai motar kaya, muka shiga ɗakin da ƙofa a kafaɗa. Uwar Tagwaye tana tsaye a ƙafar gado da kwanon wanka a hannu.

Ta ce, “Baba, ina za a kai ƙofa?”

Na ce gida za mu.

“Ku da wa?”

“Ni da ɗana.”

Ta ajiye kwanon a hankali. Ta matso daf da ni don in ga bakinta sosai. Ta ce, “Baba, kai ka haife shi, ban musa ba. Amma ni nake juya shi duk bayan awa biyu, ni nake zubar da robar fitsarinsa. Sai dai ka ɗaure ni a kan ƙofar tare da shi.”

Auta daga kwance ya ce, “Baba, wai har yanzu ba ka mayar wa mutane ƙofarsu ba? Wata guda mai shago yana kwana a bakin kayansa?”

Akwai wani a gadon kusa, an rataye masa ƙafa da igiya, muna ce masa Ƙafa Sama. Ya ce, “Tsoho, in akwai wuri a motar ni ma a sa ni, na gaji da kallon silin.”

Hayaniya ta jawo likita. Na sa tabarau, na zaro takardarki, na ɗora yatsa a kan layukan ƙarshe. Na ce, “Ga shi. Jikata ce, ta fi ku karatu. Ta ce ba ku da magani.” Ya karɓa ya ɗaga ta daidai fuskarsa yana karantawa, ni ina tsaye a gabansa. Sai ga rubutu fal a bayan takardar yana kallona, daga sama har ƙasa, da ramukan ƙusoshina huɗu a kusurwa.

Na so in fizge ta. Uwar Tagwaye ta riga ni. Ta ce, “Likita, akwai saura a baya.”

Ya juya. Ya karanta a zuci, ya dube ni, sai ya sauke ƙyallen bakinsa. Karo na farko ke nan da na ga mutumin nan yana da haƙora. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, yana fuskantata. Inda kika ce fushin sojojin yana lafawa, kuma su ɗin ne dai ke komawa su kwashe tarkace. Inda kika ce laka takan yi shiru don gigita, in kumburi ya sauka wayoyin da ba su tsinke ba sukan farfaɗo, wasu a makonni wasu a watanni. Inda kika ce yatsan da ya motsa a kan ƙofa alama ce mai kyau, wato ba duka damin ya yanke ba. Inda kika ce aikin asibiti yanzu shi ne tsaron abin da ya rage, don haka ko da wasa kada a fitar da shi. Ya karanta har gaisuwar tagwaye. Har inda kika ce a gaida gwiwar angonki ta hagu.

Ƙafa Sama ya yi dariya har igiyarsa tana lilo. Ya ce, “Ango, ashe rabin amarya aka kawo maka!” Tun ranar duk ɗakin Ango suke kirana, har masu shara.

Likita ya ce duk abin da kika rubuta haka yake, kuma shi ma ya faɗa min tun makon farko. Na ce ai ƙyallensa ya faɗa wa, ba ni ba. Ya ɗauko allura yana tsikarar Auta daga cibiya zuwa ƙasa. A cinyar hagu Auta ya ce, “Kai, likita, ba katako ba ne.” A dama bai ji komai ba. Na sallami mai mota.

Ga abin da na ajiye miki a ƙarshe. Ranar Alhamis da rana ina zaune ina yanke masa farce, sai babban yatsan hagu ya ture min hannu. Na ɗauka ni ne na girgiza. Na ce ya sake. Ya runtse ido, ya ciji leɓe, gumi ya keto masa kamar mai ɗaga ginshiƙi, yatsan ya sunkuya ya ɗago. Kaɗan ne, bai kai kaurin fensir ba. Uwar Tagwaye ta durƙushe a wurin. Ni ban yi kuka ba, maganin da suke goge ƙasa da shi ne ke shiga ido.

Ba zan ƙara gishiri ba. Ƙafar dama har yanzu shiru. Likita ya ce ba zai yi min alkawarin tafiya ba, wataƙila da sanda, wataƙila keke, sai an ga abin da watanni suka kawo. Na yarda. Dogo ko yatsa bai samu ba.

Lambar Uwar Tagwaye tana ƙasa. Ta ce ki kira ta, wai tana son jin muryar mutum ɗaya mai hankali a danginmu. Ta koma kallon fuskata. Na san akwai haƙurin da ya kamata in ba ta, na gwada sau biyu ban iya ba. Sai na roƙi mai gashin ƙashi, wadda ke zuwa tana lanƙwasa masa ƙafafu, ta koya min yadda ake juya shi, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, matashi a tsakanin gwiwoyi. Ta sa na yi sau shida tana tsaye a kaina. Ta ce hannuna ya iya, bakina ne ya yi yawa.

Gobe da sassafe zan je in karɓi kwanon wankan daga hannun yarinyar nan. In ce mata ta tafi gida ta ga 'ya'yanta, ta yi barci har azahar. Juyin safe nawa ne daga yanzu. In ta yi gardama, za ta san gidan da ta yi aure.

Ni ne,
Kakanki Kafinta.